Masaukin da Na Yi wa Baba Fatoma

Mun bar Kano ana idar da sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Na ce "mun bar" ne saboda haka aka saba buɗe labarin tafiya, amma a gaskiya ban san kowa ba a cikin motar. Direba ya cusa mu biyu a gaba, ni da wani dattijo mai carbi, jakar kwamfutata a kan cinya, gwiwata tana shan duka duk lokacin da aka canza giya. Kafin mu fita daga gari kowa a motar ya kira wani ya shaida masa an kama hanya. Ni ma na ciro waya don kada a ga na fita daban, na duba ko akwai shafin da ya faɗi kafin wayewar gari, na mayar da ita aljihu.

Ku da kuke bibiyata a nan kun saba jin ina yabon manhajoji. Ga wanda bai san ni ba, sana'ata gina shafukan intanet ce ga ƙananan 'yan kasuwa da makarantu. Ofishina shi ne ɗakin da nake haya, ma'aikatana kuwa duk a cikin waya da kwamfuta suke. Akwai manhajar da nake zana fasalin shafi da ita, akwai mai ajiye mini ayyukana a intanet ko da kwamfuta ta mutu, akwai mai yi mini ƙara da zarar shafin wani ya daina buɗewa. Babban ma'aikacina shi ne wanda na sa wa suna Sakatare. Idan na zauna aiki na kunna shi, kira ba ya shigowa, saƙo kuma shi yake amsawa da sunana. Zai yi godiya, ya tura wa mutum linki ya zaɓi ranar da zai yi magana da ni, sannan ya kwashe saƙon daga gabana ya kai shi wajen waɗanda aka gama da su. Da bakina na sha gaya muku ku nemi irinsa. Nakan yi mako ban yi magana da ɗan Adam ba in ban da mai shago da mai ruwa, kuma har alfahari nake yi da hakan, ina cewa aiki ya tsaru.

Mutumin da ya fitar da ni daga ɗakin nan wani dattijo ne a Gashuwa mai harkar bandar kifi, kowa yana ce masa Baba Fatoma. Fatoma a can shi ne maigidan da fatake suke sauka a wajensa. Shi zai ba su wurin kwana da abinci, ya haɗa su da masu kaya, in rigima ta taso ya tsaya musu. Wata hajiya mai sarin kifi ce ta ba shi lambata, yana son masu saye daga kudu su riƙa ganin kayansa ba sai sun zo ba. Ba mu taɓa haɗuwa ba, a waya muka yi komai. Ranar da nake masa bayanin abubuwan da shafi yake buƙata, na rasa yadda zan fassara masa wurin da ake ajiye shafi a intanet, sai na ce, "Baba, shafin nan sai an yi masa masauki, ni zan riƙe masa masaukin." Sai ya ce, "Ashe kai ma fatoma ne." Na yi dariya na ce haka ne. Tun daga ranar bai sake kirana da wani suna ba sai "fatomana".

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya kira. Ba maganar aiki, gaisuwa ce kawai, irin tasu mai tsawo, a tambayi gida da gajiya da zafi da ruwa, in an kai ƙarshe a koma a sake daga farko. Da fari a lasifika nake sa shi ina ci gaba da danne-dannena. Daga baya na lura tun hantsin Juma'a nake kashe Sakatare in sa wayar a caji. Iyayena sun rasu, 'yan uwana kowa yana can da hidimarsa, kuma in faɗa muku gaskiya, shi kaɗai ne yake kirana don kawai ya ji ko na ci abinci.

Cikin damina kiran ya ɗauke. Juma'a ta zo ta wuce, wata ta biyo bayanta. Ni na kira, tana shiga ba a ɗauka, in an ɗauka kuma wani ne zai ce Baba lafiya lau, yana bakin ruwa. Na bincika shafinsa ciki da waje, babu abin da ya lalace, masu saye suna shiga kullum. Na rasa laifin da na yi. Da ruwa ya ɗauke sai na aika cewa zan zo in ɗauki sababbin hotunan kifi. Hotuna dai hujja ce. Abin da ya kai ni shi ne in ji me ya sa ya daina kirana, in akwai gyara in gyara.

Bayan mun wuce Gumel ƙasa ta buɗe, ido yana tafiya har ya gaji. An yanke gero, riɗi an tsayar da shi dami-dami a gonaki yana shan rana. Kankana kuwa tuli-tuli a bakin titi, arha kamar a ce ka ɗauka kawai, abin da za ka ba da a Kano a yanka maka tsagi ɗaya a nan guda za a ɗora maka. Kuɗin mota ne dai babu arha, kuma direba ya yi mana wa'azin tsadar fetur da taya tun daga tasha, don kada wani ya yi tunanin neman canji. Dattijon da ke gefena ya sayi kankana, ya ciro wuƙa daga aljihu ya raba wa duk motar. Ruwanta ya ɗiga a kan jakar kwamfutata, na yi maza na goge da hannun riga, ya dube ni ya ce, "Jariri ne a ciki?" Motar ta kwashe da dariya, ni ma na yi, kuma ita ce dariyar farko da na yi tare da mutane cikin wani dogon lokaci.

Daga Malam Madori hanya ta fara nuna halinta. Wani wuri sumul, wani wuri direba ya sauka gefe ya bi rairayi saboda ya fi kwalta daɗi. Sabis ma haka, ya zo ya tafi. Duk inda ya dawo wayata sai ta hau kuka, sanarwa tana bin sanarwa, an sabunta wannan, an ajiye wancan, Sakatare ya amsa wa mutum kaza. Wata mata a baya ta ce, "Malam, kai dai kana da jama'a." Ban gyara mata ba.

Mun shiga Nguru rana ta take. Na sha jin labarin zafin garin, na ɗauka ƙari ake yi, ashe ragi aka yi mini. Kwamfutar da ke cikin jaka ma sai da ta yi ɗumi ba a kunna ta ba. Amma gari ne mai kwarjini, manyan tsofaffin sito-sito a jere kusa da tashar jirgin ƙasa, da ganinsu ka san an yi zamanin da kaya suke kwana a nan kafin su wuce duniya. A kasuwa kunnena ya rikice, ana Hausa sai a zarce Barbarci, a dawo, a jefa Fillanci a tsakiya, kuma babu wanda ya ɓata sai ni.

Ina da wani kwastoma a garin mai sayen ƙaro da zoɓo, shi ma ban taɓa ganinsa ba, na ce bari in biya tunda hanya ce. Ya tarbe ni da fara'a, ya sa aka kawo ruwan sanyi, amma sai leƙen bayana yake yi. Can ya ce, "Kai kaɗai suka turo?" Sai a lokacin na tuna duk saƙonnina da "mu" nake rubuta su, mun karɓa, ma'aikatanmu za su duba, muna godiya. Mutumin nan ya ɗauka wani kamfani ne mai bene da masu gadi. Da zan tafi ya ce in gai da oganmu, in ce masa aikinmu yana kyau. Na ce zai ji. Ban yi ƙarya ba, ya ji ɗin.

Da la'asar na hau keke na je bakin tafki. Ruwa ya cika, amma ciyawar nan mai tsawo da suke kira kacalla ta cinye gefe da gefe, masunta sai sun bi ta wasu 'yan lunguna da suka sare a cikinta. Tsuntsaye farare suna sauka suna tashi. Na ɗauki hotuna masu kyau, na tsaya ina tunanin wanda zan tura wa, sai na tura su wajen ajiyata ta intanet. Na ci gasasshen kifi da yaji a tsaye, na nemi masaukin baƙi kafin magariba. Da aka buɗe mini ɗakin na ga katifa ɗaya, fanka ɗaya, soket ɗaya kusa da ƙofa, sai dariya ta kama ni. Na yi tafiyar yini guda na zo na tarar da ɗakina na Kano.

Washegari da safe na shiga motar Gashuwa. Wannan tafiyar ba ta da tsawo. Goruba ce ta mamaye gefen hanya, mata suna saƙar tabarmar kaba a inuwa, a Jajimaji aka sauke wasu aka ɗauki wasu da buhunan barkono, muka yi ta atishawa har muka isa. A tashar Gashuwa akori-kura ce birjik, masu kiran Jakusko daban, masu kiran Kumagannam daban, an ɗaure awaki a sama mutane a ƙasa, wani lokacin kuma akasin haka. Na buɗe taswirar waya don ta kai ni gidan Baba, ta nuna mini wani fili fari babu ko layi. Na tambayi wani mai sayar da goro, ya rufe farantinsa da tsumma, ya bar wa maƙwabcinsa, ya raka ni da ƙafa har ƙofar gidan. Tun daga nesa hanci ya riga ido isowa, ƙamshin hayaƙin banda ya cika unguwar.

Zauren babba ne, tabarmi a shimfiɗe, butoci a jere, jakunkunan baƙi a rataye a bango. Akwai fatake daga kudu suna hira da yarensu, akwai wasu daga wajen Zariya suna barcin gajiya. Baba yana zaune a kan buzu daga ciki. Na zaci zan ga ƙaton mutum saboda muryarsa, sai na ga ɗan siririn tsoho mai dogayen yatsu. Na durƙusa na faɗi sunana. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya yi mini sannu irin tasu ya ce, "Lale, lale. Wushe da hanya, Injiniya." Ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi zafi da ruwa, bai rage ko ɗaya ba. Amma ni kalma ɗaya kawai na ji, Injiniya.

Ba a rage ni da komai ba. Aka ba ni tabarma sabuwa a gefen da iska take shigowa, aka nuna mini inda zan yi caji da sola, aka kawo burabusko da miyar kifi wadda har yau in na tuna sai yawuna ya tsinke. Baba da kansa ya tsame mini tsakiyar tarwaɗa ya tura gabana. Bai tambaye ni abin da ya kawo ni ba. Wani daga cikin baƙin ya raɗa mini cewa haka gidan yake, sai ka ci ka huta kafin a ji ta bakinka. Na ci, amma na lura da abu ɗaya. Karramawar da ake yi mini irin wadda ake yi wa kowa ce, ni kuma na taso daga Kano ne da tunanin ni ba kowa ba ne a gidan nan.

Bayan azahar Baba ya haɗa ni da ƙanin matarsa, wani malamin firamare mai saurin tafiya da saurin magana, ya ce ya kai ni bakin kogi in ɗauki hotunan. Wurin aiki ne na gaske. Kwale-kwale suna shigowa, wasu an ce tun daga wajen Dagona, mata suna fafe kifi suna wankewa, maza suna jera shi a kan waya bisa ramukan wuta. Tarwaɗa ana naɗe ta kai da wutsiya, karfasa a shimfiɗe, kurungu a gefe. Na yi ta ɗauka, ina cewa a matsar da wannan, a goge wancan. Malamin ya zuba mini ido har na gama, sannan ya ja ni inuwar wata bishiya.

Ya ce, "Injiniya, ka san abin da ka yi wa tsohon nan kuwa?"

Na ce wallahi abin da ya kawo ni ke nan.

Ya ce, "Yayata ce ba lafiya, Ya Hajja matarsa. Ciwon ƙoda, irin wanda ya dami garin nan. Aka ce mu kai ta Kano. Muna shiri mutane suna ta ba mu lambobin 'yan uwansu, Baba ya ce a bar su, shi yana da fatoma a Kano. A zauren nan ya faɗa, a gaban kowa."

Na ce, "To me ya hana ya gaya mini tun kafin ku taso?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. "Fatoma ake yi wa sanarwa? Mutanen da ka gani kwance a zaure, akwai wanda ya aiko kafin ya zo? Sauka kawai ake yi."

Sun isa tasha a Kano da la'asar, in ji shi, hadari ya haɗo. Baba ya kira, ba ta shiga ba. Ya yi saƙon murya. Kafin ya sauke wayar daga bakinsa amsa ta shigo, har ya yi murmushi ya ce ka gani, ga shi nan. Shi ajami yake karantawa, don haka ya miƙa wa malamin ya karanta masa. Saƙon ya ce mun gode da tuntuɓarmu, muna cikin aiki yanzu, a zaɓi lokaci a wannan linki. Malamin ya danna, aka nuna masa gurbi sai mako mai zuwa, minti goma sha biyar.

"Ya ce in sake karantawa, na sake. Ya ce mu jira, wataƙila kana hanya. Muka kwantar da Ya Hajja a kan benci, ruwa ya sauko, muka ja ta ƙarƙashin rumfar mai shayi. Duk motar da ta tsaya sai ya miƙe ya duba, alhali bai ma san fuskarka ba. Sai da aka kira magariba ya ce mu tafi asibitin haka nan."

A ƙofar asibitin ne wani maigadi mutumin Jakusko ya ji suna yarensu, ya tambaye su daga ina. Shi ya tashi daga ɗakinsa ya ba su, ya koma kwana a kan benci har aka sallame su.

Na ciro waya, na shiga wajen saƙonnin da aka gama da su, wurin da rabona da buɗe shi har na manta. Yana nan. Na kara a kunne. Ƙarar motoci, sai muryarsa: "Salamu alaikum, fatomana. Ga mu mun sauka a garinka, ni da iyali. Muna tasha. Kada ka yi gaggawa, ka gama abin da kake yi." Na duba ranar, na tuna abin da nake yi. Launin wani maɓalli nake canza wa wata makaranta, daga shuɗi zuwa kore, kuma tsakanin ɗakina da tashar nan ko a ƙafa ana zuwa. Na zauna a kan tushen bishiyar, hayaƙi yana shiga idona, na gode wa Allah da hayaƙin.

Bayan la'asar baƙi sun fita kasuwa, zaure ya rage daga ni sai Baba, yana gyaran wata komar kamun kifi da ta yage. Na matsa kusa na ce, "Baba, na ji abin da ya faru. Wallahi ban ga saƙonka ba sai yau. Ba ni na amsa ba, wani abu ne a cikin wayar yake amsawa da kansa."

Bai ɗago ba ya ce, "An yi mini wannan bayanin. Wa ya ajiye shi a bakin ƙofar?"

Na ce ni ne.

Ya ce, "To. Ni ma ina da masu taya ni aiki a gidan nan. In ɗayansu ya ce wa baƙo ya dawo wani mako, ba za a ce wane ya kori baƙo ba. Cewa za a yi gidan Fatoma ya daina saukar mutane." Ya ja zaren ya ɗaure. "Amma ban riƙe ka ba, Injiniya. Kuskuren nawa ne. Ka ce masauki, ni kuma na ɗauki kalmar da nauyinta na nan. Ashe a wajenku hoton kifi kawai ake saukewa."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce masa na ji har yanzu suna komawa Kano ganin likita, don Allah in za su sake zuwa su sauka a wajena, ni zan je tasha da kaina in ɗauko su. Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni, kuma babu fushi ko kaɗan a fuskarsa.

Ya ce, "Mun samu masauki. Mutumin nan daga shimfiɗarsa ya tashi ya ba ta. In na tsallake shi na tafi wani wuri na ci mutuncinsa, kuma bai yi mini laifin da zan canza shi ba. Shafin dai ka ci gaba da riƙe shi, aikinka ba shi da aibi."

Na ce to zan riƙa kira ina gaishe shi. Ya ce, "Ka kira, in ina kusa zan ɗauka." Ya koma kan komarsa. Na nemi izinin gai da mai jiki, aka raka ni har bakin ƙofar ɗakinta, na gaishe ta daga bayan labule. Muryarta can ƙasa, ta yi mini sannu da hanya, ta tambaya ko an ba ni ruwan wanka. Ban sani ba ko ta san ni ne na Kanon, ban kuma yi ƙarfin halin faɗa mata ba.

Da safe Baba ya rako ni har bakin titi, kamar yadda na ga ya rako wani Bayarabe kafin ni. An riga an ɗaure mini kwali guda na banda, an naɗe shi da igiya. Na ce ya yi yawa. Ya ce, "Ai ba naka ba ne kai kaɗai, ka raba wa maƙwabta." Ya yi mini addu'ar sauka lafiya, ya juya tun kafin motar ta tashi, saboda wasu baƙin sun iso.

Komowa ba ni da abin faɗa da yawa a kanta. Hanyar dai ita ce, Jajimaji, Nguru, rairayi, kankana. Kwalin yana ƙarƙashin ƙafata, duk motar tana ƙamshin kifi, wani fasinja har tayi ya yi mini. A tashar Nguru na kashe Sakatare, wayar ta yi tsit, na kuma gane yawancin ƙarar da nake ji a rayuwata ni nake yi wa kaina ita. Mun shigo Kano da yamma, na sauka a tashar nan dai, na tsaya ina kallon bencinan da rumfar mai shayi, ina ƙoƙarin gane wanne ne. Mai keke ya gaji da jirana ya yi mini hon.

Ba zan ce muku ku goge manhajojinku ba, ni ma da su nake ci, kuma gobe da su zan tashi. Amma duk abin da ka ɗora a ƙofarka ya yi magana da sunanka, kai ne ka yi maganar, ko kana barci. Ku riƙa leƙa wajen saƙonnin da aka ce an gama da su. Sannan mu masu wannan sana'a mun iya aron kalmomi don bayani ya yi mana sauƙi, masauki, gida, ƙofa, maraba, muna liƙa su a kan maɓallai ba tare da mun ji komai ba. Akwai mutanen da har yanzu da gaske suke faɗarsu. Na tafi da niyyar gyara, na dawo da aikina cif, ko shafi ɗaya ban rasa ba, kuma ban taɓa jin na yi asara irin wannan ba.

Da na isa gida na kwance kwalin na kasa kifin a leda, na fito tsakar gidan hayarmu, sai na tsaya. Na shekara da shekaru a gidan nan, amma ban san sunan kowa ba. Na daure na yi sallama a ƙofar da take kallon tawa. Wani magidanci ya fito yana gyara hula, ya ce, "Sannu, wa ake nema?" Na ce ni ne na ɗakin ƙarshe. Ya ce, "Au, mai kwamfuta!" Na miƙa masa ledar. Ya buɗe, ya shinshina, fuskarsa ta washe, ya kira matarsa ta zo ta gani.

Ya ce, "Wannan ai bandar Gashuwa ce, ta gaske. Irin wannan ba a saye ake samunta ba, sai dai a ba ka. Wa gare ka a can? Ɗan uwa ne?"

Na ce masa kwastoma ne.

Ya ce Allah ya ƙara kasuwa, ya shiga da kifinsa, ni ma na koma ɗakina.